Bayan Muryoyi Sun Yi Shiru: Riƙon Ƙwaƙwalwa da Farfaɗowar Mai Taɓin Hankali

Idan aka ce wane ya sami taɓin hankali, abin da ke fara zuwa mana a rai shi ne sambatu, da zargin mutane ba dalili, da jin muryoyin da babu mai jin su sai shi. Shi ya sa ranar da waɗannan suka lafa muke yin hamdala, mu ce ya warke. Sai bayan wata biyu ko uku a fara ƙorafi. An mayar da shi makaranta ya kasa bin darasi. An aike shi da saƙo uku ya dawo da ɗaya. Ɗalibin da a da yake haddace shafi guda tsakanin Magariba da Isha, yanzu ayoyi biyar suna gagarar sa. Wasu su ce lalaci ne, wasu su ce aljanin bai gama fita ba. Likitocin ƙwaƙwalwa suna da wani bayani, kuma ya dace kowane gida ya san shi.

Ciwon da muke magana a kai shi ne wanda likitoci ke kira sikizofiriniya. A 2022 Hukumar Lafiya ta Duniya ta ƙiyasta cewa yana damun kimanin mutum miliyan 24, wato kusan mutum ɗaya cikin 300. Yakan bayyana ne daga ƙarshen samartaka zuwa shekaru ashirin da 'yan kai, kuma yakan riski maza da wuri fiye da mata. Wannan shi ne lokacin da yaro yake ƙarshen sakandare ko farkon jami'a, lokacin koyon sana'a da shirin aure, don haka ɓarnar da yake yi ba ƙarama ba ce.

Tun a ƙarshen ƙarni na 19 likitan nan na Jamus, Emil Kraepelin, ya lura cewa dakushewar tunani tana cikin ginshiƙan ciwon, har ya ba shi suna mai nufin ruɗewar tsufa da ta zo da wuri. A 1908 Eugen Bleuler na ƙasar Suwizalan ya kawo sunan da ake amfani da shi yau. Amma da aka samu maganin kulofuromazin a birnin Faris a 1952, aka ga yana kwantar da muryoyi da ruɗu, sai hankalin likitoci ya karkata ga abin da magani ke iya kawarwa. Batun tunani da riƙon ƙwaƙwalwa ya koma gefe na tsawon shekaru.

A 1996 wani masanin halayyar ɗan'adam a Jami'ar Kalifoniya da ke Los Anjalas, Michael Green, ya tattara binciken da aka yi kafin lokacin, ya yi tambaya mai sauƙi: me ke nuna wanda zai iya komawa aiki da zaman jama'a? Abin da ya samu ya ba mutane da yawa mamaki. Tsananin muryoyi da ruɗu bai nuna abin kirki ba. Abin da ya fi tafiya tare da kowane fanni na rayuwar marar lafiya shi ne iya riƙe magana: a karanta masa jerin kalmomi ko gajeren labari, bayan ɗan lokaci ya maido. Iya tsayar da hankali a kan abu guda ma ya taka rawa.

Idan muka natsu za mu ga dalilin a fili yake. Yaron shago yana buƙatar riƙe umarnin maigidansa. Ɗaliba tana buƙatar riƙe farkon bayanin malami har ya kai ƙarshensa. Mai hira da surukansa yana buƙatar tuna abin da aka faɗa minti biyu da suka wuce, in ba haka ba sai ya yi shiru, a ce masa miskili. Ko shan maganin kansa a kan lokaci da tuna ranar komawa asibiti, duk aikin ƙwaƙwalwa ne. Akwai masu jin murya jifa-jifa da suke riƙe da sana'arsu, akwai kuma waɗanda muryar ta bar su gaba ɗaya amma lissafin canji yana ɗaure musu kai.

Daga baya Cibiyar Lafiyar Ƙwaƙwalwa ta Amurka ta ɗauki nauyin wani shiri mai suna MATRICS, wanda ya fitar da gwaji na bai ɗaya da ke auna fannoni bakwai, ciki har da saurin sarrafa bayani, da riƙon ɗan lokaci irin na mai riƙe lambar waya a ka kafin ya danna, da koyon magana, da fahimtar fuska da nufin mutane. A 2011 Keith Nuechterlein da abokan aikinsa, su ma a Los Anjalas, sun bi wasu da ciwon bai daɗe da kama su ba. Sun gano cewa sakamakon irin waɗannan gwaje-gwaje ya bayyana kusan rabin bambancin da ke tsakanin waɗanda suka koma aiki ko karatu cikin wata tara da waɗanda ba su koma ba.

A nan sai mu yi hattara. Mutanen da aka bi a wancan binciken ba su kai hamsin ba, kuma manyan nazarce-nazarcen da suka haɗa dubban mutane sun nuna alaƙar tana nan amma ba ta kai haka ƙarfi ba. Irin wannan hasashe yana magana ne a kan taron jama'a, ba ya yanke wa mutum ɗaya hukunci. Rashin kuzari da janyewa daga mutane, da halin gidan da marar lafiya zai koma, da samun aikin da ya dace da shi, duk suna da nasu kason. Kuma saɓanin zaton Kraepelin, raunin tunanin ba ya ci gaba da zurfafa kamar ruɗewar tsufa. A wurin mafi yawan mutane yakan tsaya kusan inda yake bayan ciwon ya bayyana.

Wani abin lura ga iyaye da malamai shi ne raunin yakan riga ciwon zuwa. Binciken garin Dunedin na ƙasar Niyu Zilan, wanda ya bi yara fiye da 1,000 da aka haifa a 1972 da 1973, ya nuna cewa waɗanda suka kamu daga baya sun fara ja baya a wasu fannonin tunani tun suna yara. Ba kowane yaro mai mantuwa ba ne abin damuwa, ko kusa. Amma matashin da karatunsa ya zube ba zato, ya daina shiga mutane, barci ya ƙaurace masa, ya fara zargin na kusa da shi, likita yake buƙata kafin bulala.

Jinkiri kuwa yana da tsada. An tabbatar a ƙasashe da dama cewa gwargwadon daɗewar mutum cikin ciwon ba magani, gwargwadon wahalar farfaɗowarsa. A wurinmu watanni sukan tafi ana yawo daga mai ruƙiyya zuwa mai hayaƙi kafin a tuna da asibitocin ƙwaƙwalwa irin na Barnawa a Kaduna, ko Kware a Sakkwato, ko Dawanau a Kano, ko na Maiduguri. Babu mai hana addu'a da ruƙiyyar da shari'a ta yarda da ita. Abin da muke ƙi shi ne a mayar da su dalilin hana ganin likita, alhali kiyaye hankali yana cikin manyan manufofin shari'a guda biyar.

Magungunan da ke kwantar da muryoyi ba sa gyara riƙon ƙwaƙwalwa sosai. Wani ma, kamar benzahezol da ake haɗawa don hana sandarewar jiki, yana iya ƙara mantuwa. Kada a daina kowane magani da ka. A gaya wa likita abin da aka gani, shi ne zai duba ko za a rage. Tabar wiwi tana dawo da ciwon. Abin da ya nuna amfani shi ne horar da ƙwaƙwalwa ta hanyar atisaye mai hawa-hawa. A 2011 Til Wykes ta Landan da abokanta sun haɗa bincike 40 na mutum fiye da 2,000, suka ga ci gaba matsakaici mai ɗorewa, wanda ya fi ƙarfi idan an haɗa horon da koyon aiki na zahiri. Motsa jiki a kai a kai ma yana taimakawa.

Masu ba da wannan horo ƙalilan ne a ƙasarmu, amma tushensa ba baƙo ba ne ga duk wanda ya taɓa riƙe allo: a ɗauki kaɗan, a maimaita, kada a ƙara sai na baya ya zauna. Saƙo ɗaya a lokaci guda, a rubuce in ya yiwu. Shan magani a ɗaura shi da lokacin wata salla. Mai hadda ya fara da muraja'ar abin da ya riga ya sani kafin sabon shafi, malaminsa kuma a sanar da shi halin da ake ciki don kada ya kunyata shi gaban 'yan'uwansa.

Salla ita ce inda da yawa suke shan wahala a ɓoye, domin ƙirga raka'a ma riƙon ɗan lokaci ne. Malaman fiƙihu sun daɗe da bayyana cewa babu taklifi a kan wanda hankalinsa ya gushe, kuma yana dawowa idan ya farfaɗo. Littattafan Malikiyya da muke karantawa a zaure, irin su Risala, sun ware hukunci mai sauƙi ga wanda kokwanto ya zame masa jiki: ya kau da kai daga kokwanton, ya yi sujadar ba'adi, ba sai ya yi ta maimaita salla ba. Bin jam'i ya fi masa sauƙi, tunda liman ne ke riƙe da ƙirgen, kuma hakan zai fitar da shi daga ɗaki sau biyar a yini.