YADDA AKE SA MA BABUR WURIN CAJIN SALULA

A ƙauyukan Tasawa da Mayahi abu biyu sun shiga gidan manomi sun zauna: babur da salula. Da babur ake kai mara lafiya gidan likita, da shi ake kai buhun wake kasuwa. Da salula ake jin kuɗin hatsi a Maraɗi. Da ita ɗan ci-rani ke sanar da gida ya aiko kuɗi. Da ita makiyayi ke tambaya inda ruwa ya sauka, inda ciyawa ta fito.

Amma salula tana jin yunwa, abincinta kuwa wutar lantarki ne. Wutar Nigelec tana garin Tasawa da garin Mayahi da waɗansu manyan garuruwa. Ƙauyuka da rugage da yawa ba su gan ta ba. Ko a birni ma takan ɗauke. An daɗe ana jawo wutar jihar Maraɗi daga Nijeriya, ta hanyar Katsina da Gazawa. A watan Agusta na 2023 Nijeriya ta yanke ta, ba ta maido ba sai a watan Maris na 2024.

Shi ya sa mutumin ƙauye ke kai salularsa wurin mai caji, ya biya. A ce dala 20 ne kowane caji, sau 2 a mako. A shekara sau 104 ke nan. In an buga lissafi, dala 2.080 ne, wato jaka 10 da dala 80. Ban da wahalar tafiya da jira.

Alhali mai babur yana yawo da wuta a ƙarƙashinsa. Abin da ya rage shi ne a san yadda za a ɗebe ta ba tare da ɓarna ba.

RANDA DA MAI ƊEBO RUWA

Batirin babur kamar randa ne. Injin kuma kamar mai ɗebo ruwa ne. In babur yana tafiya, injin yana yin wuta yana zuba ma batir. In an kashe babur, zubi ya tsaya. Duk abin da aka sha a lokacin, daga randa ne. Randar babur kuwa ƙarama ce, ba kamar ta mota ba.

Ƙarfin wuta ana auna shi da bolt. Batirin babur bolt 12 ne. Salula bolt 5 take sha. Wanda ya haɗa salula da batir kai tsaye ya ƙone ta. Sai an sa abin da zai rage ƙarfin wutar a tsakani.

KAYA UKU

Na farko, bakin caji. Wani ɗan akwati ne na roba, mai rami irin wanda ake cusa igiyar salula. Ana ce masa USB. A cikinsa akwai abin da ke mai da bolt 12 zuwa bolt 5. A duba jikinsa ko kwalinsa, a ga an rubuta 12V da 5V. Wanda ya koyi karatu ba sai ya tambayi mai kanti ba. A zaɓi mai murfi, saboda rairayi da ruwan sama.

Na biyu, fiyus, wanda makanikai ke ce ma fizibil. Shi ne mai gadi. A cikinsa akwai siririn ƙarfe. In wuta ta yi yawa, ƙarfen ya tsinke, wutar ta tsaya. Ɗan ƙarami mai lamba 2 ko 3 ya isa, sai in kwalin ya faɗi wata lamba.

Na uku, waya mai kyau ta jan ƙarfe, da baƙar robar naɗe waya. Tsohuwar wayar rediyo mai fasasshen jiki ba ta wannan aiki ba ce. Araha ba ta ado.

INDA AKE KUSKURE

Hanya mai sauƙi ita ce a ɗaura wayoyin biyu a kan batir, a ce an gama. Nan ne matsala take. Bakin cajin da ke manne da batir yana tsotsar wuta dare da rana, ko ba salula a jikinsa. Kaɗan-kaɗan yake sha, kamar randa mai yoyo.

A ɗauki misalin manomi a wani ƙauye na Urafan ko na Kanambakashe. Damina ta kankama, noma ya riƙe shi, babur yana zaure kwana da kwanaki. Maƙwabta suna zuwa suna ɗan sa salularsu. Wani dare naƙuda ta kama matarsa. Ya danna, babur ya yi shiru. Ya buga da ƙafa, da ƙyar ya tashi ko ma ya ƙi. Gidan likita yana da nisa, hanya rairayi. Garin neman gira an rasa ido. Kuma batirin da ake bari yana ƙarewa sarai ba ya daɗewa, sai an sayi sabo.

Kuskure na biyu ya fi wannan muni: waya ba fiyus. Babur yana girgiza a kan hanya, waya tana gugar ƙarfe har robarta ta cinye. Sai ta yi zafi, ta narke, ta yi tartsatsi. Tankin mai kuwa yana nan kusa.

Kuskure na uku shi ne a haɗa da wayar babbar fitila. A babura da yawa wutar fitila daga injin take zuwa kai tsaye, tana hawa tana sauka. Irin wannan wuta tana lalata bakin caji.

YADDA AKE YI

Wanda bai saba da wayar babur ba, ya kai ma makaniki, ya tsaya ya gani da idonsa.

1. A kashe babur, a zare makulli. A yi aikin nesa da kwalaben mai da taba.

2. A nemo wayar da ba ta da wuta sai an murɗa makulli. Ana gane ta da ɗan ƙwan fitila mai bolt 12: waya ɗaya a jikin ƙarfen babur, ɗaya a kan wayar da ake gwadawa. In ya kama da an murɗa makulli, ya mutu da an kashe, to ita ce. A gwada ba tare da an tada injin ba.

3. Kada a dogara da launi. A yawancin baburan Sin masu bin tsarin Honda, ja daga batir take, baƙa ita ce ta bayan makulli, koriya ta jikin ƙarfe. Wanda ya ɗauka baƙa ce ta jikin ƙarfe ya yi ɓarna. Boxer na Indiya kuma launinsa dabam ne.

4. Kafin a yanka ko a ɗaura, a kwance wayar batir mai alamar ragi (–). Ita ake fara cirewa, ita ake maidawa daga ƙarshe.

5. Jar wayar bakin caji ta bi ta fiyus, sannan ta haɗu da wayar bayan makulli. Fiyus ya zauna kusa da mahaɗar. Baƙar wayarsa ta tafi jikin ƙarfe ko alamar ragi ta batir.

6. A naɗe kowace mahaɗa sosai. A ɗaure wayar ta bi sauran wayoyi, nesa da zafin inji. A juya kan babur dama da hagu, a tabbata ba ta ja, ba ta matsewa.

BAYAN AN SA

Lokacin caji shi ne lokacin tafiya. Daga Maijirgi zuwa Tasawa, ko daga Sarkin Hausa zuwa Mayahi, salula tana sha, injin yana zubawa, ba wanda ya yi asara. Tada babur a tsaye don caji kawai ƙona mai ne.

Salula ba ta son rana. A bazara zafi yana wuce digiri 40. A sa ta a aljihu ko a jaka, kada a ɗaure ta a fili. In ta yi zafi ƙwarai ko batirinta ya kumbura, a cire ta nan take. In an kira ana tafiya, a tsaya a gefe a amsa.

In fiyus ya tsinke, ya yi aikinsa ne. A nemi dalili, a sa sabo mai lamba ɗaya da na da. Masu cusa guntun waya ko takardar kwalin taba a madadinsa sun kori mai gadi sun bar ƙofa buɗe.

Ƴan kabu-kabu da manoma da makiyaya, wanda ya riga ya sa bakin caji ya gwada nasa yau. Ya zare makulli, ya cusa salula. In ta nuna tana caji, randarsa tana yoyo. Ya koma wurin makaniki kafin ranar da zai buƙaci babur da dare.