Wace Ce Dunƙulalliyar Ƙasa Mafi Girma a Duniya? Matsalar Ma'anar Nahiya a Darasin Labarin Ƙasa

Gabatarwa

Abin da ya jawo wannan takarda tambaya ce da na ji a wata makarantar firamare a Tozai, ta ƙasar Isa, lokacin da na je duba ɗalibanmu masu gwajin koyarwa. Malami ya gaya wa yara cewa nahiya ƙasa ce babba wadda ruwa ya kewaye, kuma Asiya ce mafi girma. Sai wani yaro ya nuna taswira, ya ce shi bai ga tekun da ya raba Asiya da Turai ba. Malamin ya rasa ta cewa. Manufar takardar nan ita ce ta warware wannan ƙulli.

Amsoshi Uku

Amsar ta danganta ne ga ma'aunin da aka ɗauka. In aka bi rabon nahiyoyi bakwai da aka saba, Asiya ce gaba, da faɗin murabba'in kilomita kusan miliyan 44 da rabi, Afirka na biye da kimanin miliyan 30.

Amma in ruwa ne ma'auni, yaron yana da gaskiya. Iyakar Turai da Asiya, watau duwatsun Ural na Rasha, yarjejeniyar masana ce kurum. Misalinta shi ne iyakar Nijeriya da Nijar wadda ta ratsa tsakanin Sabon Birni da Tsibirin Gobir: hukuma biyu, ƙasa ɗaya. Turai da Asiya a haɗe sun kai kimanin miliyan 55.

Amsa ta uku ita ce a ƙara da Afirka, domin tana manne da Asiya ta wajen Suwes a Masar. Mashigin ruwan da ke can mutane ne suka haƙa shi, aka buɗe a 1869. Kafin nan, alhazan da suka bi ta Alƙahira, irin su Mansa Musa na Mali a 1324, suna iya shiga Asiya ba su haye teku ba. Nahiyoyin uku a dunƙule sun kai kimanin miliyan 85, fiye da rabin sandararriyar ƙasar duniya. Wannan ita ce dunƙulalliyar ƙasa mafi girma, kuma Tozai tana cikinta.

Ruɗin Taswira

Akwai kuma laifin taswirar kanta. Wadda Mercator ya zana a 1569 domin matuƙan jiragen ruwa tana kumbura ƙasashen da ke nesa da tsakiyar duniya. A kanta tsibirin Girinlan yakan yi kamar ya kai Afirka, alhali Afirka ta ninka shi wajen sau 14. Yaron da ya tashi da wannan hoto zai raina girman nahiyarsa.

Kammalawa

Bisa ga haka, ina ba da shawara kwalejojin ilmi su koya wa malamai bambanta nahiya da dunƙulalliyar ƙasa, su kuma riƙa gwada girman ƙasashe a kan ƙwallon taswirar duniya, tun da shi ba ya kumbura wani yanki. Malamin da ya san haka, in yaro ya yi masa irin waccan tambaya, zai yaba masa ya kuma ba shi amsa.