Ciyawa ta cinye hanyar makaranta: Aikin wa ne gyarawa?

Duk wanda ya yi sakandare a Garki ya san yadda makon farko na zangon Satumba yake. Ba a cika buɗe littafi ba. Sai a ce kowa ya zo da fartanya ko lauje ko tsintsiya, a raba fili aji-aji, manyan ɗalibai na tsaye suna nuna wa ƙanana inda za su nome. Kafin Juma'a filin taro ya fito fes, har ka ga sawun tsintsiya a ƙasa.

To amma da an tashi, mun fita ƙofar makaranta, sai labari ya sha bamban. 'Yar hanyar da muke ratsewa zuwa gida, wadda kafin hutu mutum uku ke jerawa a kanta suna hira, ta koma siririya kamar zare. Tafasa ta kai gwiwa, kyasuwa ta rufe gefe da gefe, da safe raɓa ta jiƙa wando da hijabi tun ba a shiga aji ba. Cikin makaranta yana da masu shi. Ƙofar gida ma tana da masu ita. Abin da ke tsakani ne ba mai cewa nasa ne.

(Garkin Jigawa muke nufi, ta masarautar Ringim, ba Garkin Abuja ba. Su can suna da irin su Millennium Park da aka buɗe a 2003, mai ma'aikata da injin yankan ciyawa. Mu wurin shaƙatawarmu shi ne filin ƙwallo, da filin Idi, da inuwar dalbejiya a bakin hanya. Su ma ɗin ciyawar ba ta ƙyale su ba.)

Abin da doka ta ce

Da yawanmu mun haddace ayyukan ƙaramar hukuma don jarrabawa, muka manta da su bayan an karɓi takarda. Suna nan a Jadawali na Huɗu na Kundin Tsarin Mulkin 1999. A cikinsu akwai ginawa da kula da hanyoyi da layuka da magudanan ruwa, da wuraren shaƙatawa da lambuna da filayen jama'a, da maƙabartu, da kwashe shara. Ke nan 'yar hanyar nan da filin ƙwallon nan suna da mai kula da su a rubuce.

Iyayenmu da kakanninmu suna ba da labarin zamanin duba-gari, lokacin da ma'aikacin tsafta ke shiga gida-gida yana leƙa randa da kwata, kuma ana shakkarsa. Suna kuma tuna leburorin hanya da ake gani da adda da shebur suna gyaran gefen titi. Daga baya, a mulkin soja na 1984 zuwa 1985, aka zo da ranar tsaftar muhalli, wadda har yau jihohi da dama ke yi a Asabar ɗin ƙarshen wata. Sai dai shara ta 'yan awoyi sau ɗaya a wata ba ta iya wa ciyawar Agusta, wadda kan dawo cikin mako biyu kamar ba a taɓa ta ba.

Me ya sa aikin ke ja baya? Kuɗi ne kan gaba. Kason ƙananan hukumomi 774 na ƙasar nan daga asusun tarayya shi ne kashi 20.6 cikin ɗari, kuma shekara da shekaru yana bi ne ta asusun haɗin gwiwa da jihohi. A ranar 11 ga Yulin 2024 Kotun Ƙoli ta yanke hukuncin a riƙa tura musu kuɗinsu kai tsaye, amma aiwatarwa ta yi ta jan ƙafa. Ga albashi, musamman na malaman firamare da ma'aikatan lafiya, wanda ba ya jira. Ga tsada: bayan cire tallafin mai a Mayun 2023, litar fetur da ba ta kai naira 200 ba ta haura 500, daga baya ta wuce 1,000. Idan aljihu ya matse, abin da ake fara ajiyewa shi ne ƙaramin aikin da ba a yanka masa ƙyalle. Ba wanda ke kiran 'yan jarida don an yashe kwata ko an sare tafasa. A ganinmu wannan ma dalili ne, ba rashin kuɗi kaɗai ba.

Kada ku ɗauka mu kaɗai ne. A Ingila, tun daga 2010 gwamnati ta rage wa ƙananan hukumomi kuɗi sosai, kuma wuraren shaƙatawa na cikin waɗanda suka fi ji a jikinsu. Birnin Birmingham, na biyu a girma a ƙasar, ya bayyana a Satumbar 2023 cewa kuɗinsa ba za su ishe shi ba. Bambancin shi ne, ciyawarsu ba ta ɓoye kububuwa.

Abin da ke cikin duhuwar

Nan ne maganar ta wuce ta kyan gani. Kububuwa gajera ce, launinta ya saje da ƙasa, kuma tana cikin macizan da suka fi kashe mutane a arewacin Najeriya, shi ya sa har asibiti na musamman ake da shi a Kaltungo ta Jihar Gombe. Akwai kasa, akwai gamsheƙa mai tofa dafi a ido. A 2017 Hukumar Lafiya ta Duniya ta saka saran maciji cikin manyan cututtukan da aka yi watsi da su. Ɗalibin da ke dawowa daga Islamiyya bayan magariba da silifa, ko yarinyar da aka aika niƙa, su ne ke taka wannan ciyawa ba tare da ganin inda ƙafa ke sauka ba.

In tsautsayi ya faɗa wa wani a gabanku, kada a ɗaure wurin tamau, kada a tsaga, kada a tsotsa. A cire zobe ko duk abin da zai matse, a hana ƙafar motsi, a ɗauke shi zuwa asibiti nan take.

Sai sauro. Ana yawan cewa ciyawa ce ke haifar da shi, amma ba haka ba ne. A ruwa yake ƙwai, ciyawa wurin hutawarsa ce kawai. Matsalar ita ce ciyawa da leda su ke toshe kwata, ruwa ya kwanta, sauron zazzaɓi ya samu gida. Wanda ya nome gefen hanya ya bar magudana a toshe, rabin aiki ya yi.

Akwai kuma abin da 'yan mata suka fi mu sani: hanyar da ba a hango ƙarshenta ba a son bin ta. Sai a zagaya ta babban titi, a haɗu da babura da motoci, a makara, a sha bulala a bakin ƙofa.

Ba duk ciyawa ce abokiyar gaba ba fa. Ganyen tafasa ana kwaɗonsa, gamba ana zana da ita, kyasuwa abincin dabbobi ce da ake saye da kuɗi idan rani ya yi nisa. Mai kiwon rago zai yi murna a ce ya zo ya yanka kyauta. Abin da ba mu goyon baya shi ne a jira ta bushe a cinna mata wuta, domin iskar hunturu ba ta tambayar ina dangar wani take, ko ina amfanin gona ke jibge.

Aikin gayya mun gada, kuma aji ɗaya na iya buɗe hanya mai tsawon filin ƙwallo a safiyar Asabar guda, in akwai malami ko wani babba a tare, da takalmi rufaffe, da doguwar sanda da za a riƙa bugun ciyawa kafin a sa hannu. Amma yasar babbar kwata da kwashe tulin shara sun fi ƙarfin ɗalibai, kuma ba aikinsu ba ne. Kowace mazaɓa tana da kansila. Ƙungiyar muhawara ko ta 'yan jarida a makarantarku na iya rubuta masa wasiƙa ta hannun shugaban makaranta, a ba mai unguwa kwafi. A faɗi sunan hanyar, da yawan ɗaliban da ke bin ta kullum bayan an tsaya an ƙirga su, da daidai inda ruwa ke kwanciya. A sa kwanan wata, a ajiye kwafi guda a makaranta, don a san ranar da za a koma a tambaya.

Yanzu dai Oktoba na ƙaratowa, ƙarangiya ta fara bushewa. Nan da 'yan makonni za ku ga layin ɗalibai a bakin ƙofar makaranta, kowa ya sunkuya yana tsince ta daga safa da gefen hijabi kafin a buga ƙararrawa.