Ibro da Masoyansa na Karkara: Ana Son Ɗan Wasa, Ana Kunyar Sana'arsa

Fiye da shekara 10 ke nan da rasuwar Rabilu Musa Ibro, wanda Allah Ya yi wa cikawa ranar 10 ga Disamba, 2014, amma har gobe in ka zauna a teburin mai shayi a Kwanar Ɗangora ko tashar Tudun Wada, da wuya a watse ba a ga wani ya ciro waya yana nuna wa 'yan'uwansa guntun wasansa ba. Matasan Kiru, Bebeji da Doguwa da suka taso a zamanin kaset da gidan kallo mai janareto ba su sa shi a sahun sauran taurari. Su Ali Nuhu ana sha'awarsu daga nesa. Ibro kuwa ɗan gida ne.

Dalilin ba ɓoyayye ba ne. Tun daga Turmin Danya na 1990, masana'antar fim ta Kano ta karkata zuwa labarin soyayyar 'yan birni, da falo mai kujeru, da waƙa da rawa irin ta finafinan Indiya. Baƙauye in ya fito, mai gadi ne ko abin tausayi. Ibro, haifaffen Ɗanlasan da ke kusa da Wudil a 1971, sai ya ɗauko wannan baƙauyen ya ɗora shi a tsakiyar labari, da jar hularsa da bakinsa da ba ya mutuwa. Ana yi masa dariya, amma sau da yawa shi ke yin ta ƙarshe, domin wautarsa lulluɓe take da wayo. Manomin da aka taɓa yi wa kallon raini a Kantin Kwari ya san daɗin ganin haka.

Gwanintarsa tana da tushe a al'ada. Kafin kyamara akwai 'yan kama, masu kwaikwayon wa'azin malamai su mayar da shi zancen tuwo da miya. Akwai wawan sarki da aka yarje wa faɗin abin da bafade ba zai iya ba. Akwai tashe a watan azumi, akwai kuma wasan barkwanci tsakanin Fulani da Barebari ko Kanawa da Zagezagi. Daga wannan rijiya Ibro ya sha lokacin da yake rikiɗa ya zama Bafulatani ko Bagwari, ko ya ɗauko kiɗan da ake yayi ya sauya masa baiti. Su Kasimu Yero da Samanja Mazan Fama sun share fagen a talabijin. Ibro da abokan wasansa irin su Kulu, Yautai da Ciroki suka kai wasan ƙauyukan da eriya ba ta kamawa.

Masoyi ba ya tsayawa kan wasa, sai ya leƙa hali. Abin da masoyan Ibro suka fi yabawa shi ne ɗaukaka ba ta raba shi da mutanensa ba: a yankin Wudil ya ci gaba da zama, a mahaifarsa aka binne shi. Suna kuma tuna cewa tsohon ma'aikacin gidan yari ne wanda a 2008, zamanin da Abubakar Rabo ke shugabantar Hukumar Tace Finafinai ta Jihar Kano, kotun tafi-da-gidanka ta yanke masa ɗaurin wata 2 kan fim ɗin Ibro Aloko. Gandiroba ya koma fursuna, farin jininsa kuma bai ragu ba.

A nan ne lamarin ke da sarƙaƙiya, kuma ƙasar Bebeji shaida ce. A 2016 gwamnatin tarayya ta sanar da shirin gina dandalin shirya finafinai na naira biliyan 3 a Kofa ta ƙasar Bebeji, mahaifar ɗan majalisa Abdulmumin Jibrin. Malamai suka yi ca a kan mumbari, cikin 'yan kwanaki aka janye shirin. Damuwarsu game da tarbiyya ba abin wofintarwa ba ce, kuma 'yan fim da kansu sun sha ba da ƙofar zargi. Amma a cikin waɗanda suka yi murna da sokewar akwai waɗanda suka yi kukan rasuwar Ibro ƙasa da shekara 2 kafin nan.

Haka muke: mu haddace maganganun ɗan wasa, mu yi masa addu'a in ya mutu, amma in ɗanmu ya ce zai bi sahunsa a tara masa dangi. Matuƙar ba mu yarda cewa ba da dariya sana'a ce da ake koyo, a yi mata makaranta da ƙa'ida ba, yaron Doguwa mai irin baiwar Ibro zai ƙare ne yana kwaikwayon mutanen gari a majalisar dare, ba tare da ta ciyar da shi ba.