Ciwon gefen gwiwa da ke tsayar da masu gudu

Da zarar lokacin gasar wasannin makarantu ya matso, ko aka fara shirin shiga aikin soja, sai mu ga matasa sun cika titi da sassarfa tun asuba. Wanda bai taɓa gudun kilomita 2 ba sai ya ce yau 10 zai yi. Bayan 'yan makonni wasunmu kan fara dafe gefen gwiwa ta waje. Sau da yawa wannan shi ne ciwon da likitoci ke kira ITBS a taƙaice.

Akwai wani tantani mai kauri da tauri kamar ɗamara, wanda ya taso daga ƙashin ƙugu, ya bi gefen cinya, ya manne a saman ƙashin ƙwauri. Idan gwiwa ta lanƙwashe kimanin digiri 30, daidai lokacin da ƙafar mai gudu ke sauka ƙasa, tantanin yakan matse gefen ƙashin cinya. A 1975 wani likita mai suna James Renne ya bayyana ciwon a jikin kuratan sojan Amurka. An daɗe ana cewa gogayya ce ke jawo shi, amma binciken da aka wallafa a 2006 ya nuna cewa kitsen da ke ƙarƙashin tantanin, mai yawan jijiyoyin jin zafi, shi ake dannewa.

Halinsa ne ke tona masa asiri. Za ka fara gudu lafiya lau, sai an yi nisa zafin ya taso a wuri guda, ɗan sama da gaɓar gwiwa. Ka tsaya ya lafa, gobe ya dawo. Gangara da saukowa daga bene suna tsananta shi. A asibiti likita zai danna wurin da yatsa yana miƙar da ƙafar a hankali, in zafin ya tashi a wannan kusurwa, an kusa gane bakin zaren. Galibi ba a buƙatar hoto. Amma idan gwiwa ta kumbura, ko tana maƙalewa, ko an ji ƙara lokacin faɗuwa, wannan wata matsala ce daban, a garzaya asibiti.

Maganin farko shi ne wanda muka fi ƙi: rage gudu. Sai ƙanƙara a cikin tsumma na minti 15, da maganin rage zafi na 'yan kwanaki bisa shawarar likita, ba a sha a koma fili ba. Tsaga da ƙaho ba su da aiki a nan, haka ma ɗori, tunda babu abin da ya karye.

Babban aikin yana ƙugu. A wani binciken Jami'ar Stanford na 2000, an ga tsokokin gefen ɗuwawun masu ciwon sun yi rauni, kuma bayan mako 6 na atisayen ƙarfafa su, 22 cikin 24 sun koma gudu ba ciwo. Atisayen ba ya buƙatar kuɗi: ka kwanta ta gefe kana ɗaga ƙafar sama a miƙe. Likitan fisiyo zai ƙara maka wasu. Allura sai ciwon ya ƙi ji, tiyata kuwa ba kasafai ba.

In za a dawo, a fara da shimfiɗaɗɗen fili, a riƙa ƙara nisa kaɗan-kaɗan. Mai zagaya filin makaranta ya riƙa sauya hannun da yake bi, mai keke ya duba ko sirdinsa ya yi tsayi, takalmin da ya cinye ta gefe kuma a canja shi.