JARRABAWA TA ƘARATO: KU TAIMAKI YARANKU SU YI BITAR INGILISHI DA SHIMI

Hirarmu ta yau a kan yaranmu ce da ke kolej, waɗanda jarrabawa ke jira.

Kun san yaro yana yin shekara 6 a ƙaramar lakkol. Daga nan ya shiga kolej ya yi shekara 4. A ƙarshen shekara ta huɗu yana yin jarrabawar da ake ce ma BEPC. In ya ci, yana iya shiga lise ya yi shekara 3, ya yi bakaloriya. Yana kuma iya shiga makarantar koyon sana'a. In ya faɗi, sai ya maimaita aji, ko ya dawo gida.

Ku ƙidaya da kanku: 6 da 4, shekara 10 ke nan. Shekara 10 kuna sayen kaye da bik da tufa. Shekara 10 gona tana rashin hannunshi. Bai kamata wagga wahala ta lalace don sakacin wata 2 ko 3 ba.

Galibi ana yin jarrabawar a watan shidda ko na bakwai na nasara, wato ƙarshen bazara da farkon damana. Ana ba da maki bisa 20. In an haɗa darussa duka, yaro yana bukatar 10 bisa 20 don ya ci. Darasi guda da ya yi rauni sosai yana iya jawo sauran ƙasa. Yau za mu duba darussa biyu da yara ke yawan kuka da su: Ingilishi da shimi.

MI AKE NUHI DA BITA?

Bita ita ce sake bin karatun da anka riga anka yi, don ya zauna cikin kai. Ku ma kun san ta. Haruffan da kunka koya ran farko, da ba ku sake rubuta su ba, da sun gudu.

Ga abu uku da ya kamata ku riƙe.

Na ɗaya: kaɗan-kaɗan kullum ya hi mai yawa rana guda. Awa guda kowace rana har wata biyu ta hi kwana uku ba barci. Ba a fafe gora ranar tahiya.

Na biyu: kallon kaye ba bita ba ne. Yaro ya karanta, ya ruhe kayen, ya faɗi abin da ya karanta da ka, ko ya rubuta shi a allo. Sannan ya buɗe ya duba inda ya yi kure. Abin da mutum ya hiddo daga kanshi shi ke zama.

Na uku: ya nemi tambayoyin jarrabawar shekarun baya wajen malamanshi. Ya zauna ya amsa su shi kaɗai, agogo na gabanshi, kamar ranar jarrabawa.

DON MI AKE KOYON INGILISHI?

Yaro yana fara Ingilishi tun ajin farko na kolej. Wani zai ce: ga Hausa, ga Faransanci, mi za mu yi da harshe na uku? Ku dubi kudu. Mutumin Maraɗi da zai tahi Katsina ko Kano, da na Ƙwanni da zai ƙetara Illela, za su tarar da takardun hukuma da Ingilishi. Haka abin yake a Gana. Magunguna da injuna da wayoyi da yawa, bayaninsu da Ingilishi yake zuwa. Kuma kundin sabunta ƙasa da anka sa ma hannu a watan Maris na 2025 ya ce Hausa ce harshen ƙasa, Ingilishi da Faransanci su ne harsunan aiki.

Ingilishi ba baƙo ba ne a bakinku. Mota, bokiti, soja, likita, tebur, duk daga Ingilishi Hausa ta aro su.

Ga wuraren da yaro ke yawan tuntuɓe.

Wuri na farko: rubutu daban, faɗi daban. Kalmar knife, wato wuƙa, tana farawa da k, amma ba a faɗin k ɗin. Don haka yaro ya koyi kowace kalma ta hanya biyu: da kunne da kuma da hannu. Ku bar shi ya ɗaga murya in yana karatu. Ba surutu yake ba, aiki yake.

Wuri na biyu: he da she. Kalmar she tana kama da «shi» na Hausa, amma ma'anarta «ita». Namiji kuwa he ake ce mashi. Ɗan Bahaushe yana yawan juya su.

Wuri na uku: kalmomin aiki. A Hausa muna cewa: na tahi, ina tahiya, zan tahi. A Ingilishi kalmar aikin ce da kanta ke sakewa. Da yawa ana ƙara musu ed a ƙarshe in aikin ya wuce: work ya koma worked. Amma akwai masu taurin kai da ba su bin wagga doka: go, went, gone, eat, ate, eaten, see, saw, seen. Waɗanga sai hadda. Jerinsu yana cikin littahin yaro ko cikin kayenshi.

Wuri na huɗu: ɗan ƙaramin s. Ana cewa I work, amma he works. In mai aikin shi ne ko ita ce, ana ƙara s. Ƙarami ne, amma yana cin maki.

Akwai kuma inda Hausa ke taimako. Muna cewa «farin doki», fari a gaba, doki a baya. Ingilishi ma haka yake yi: white horse. Faransanci ne ke juya su.

To, ina naku aikin? Ku sa yaro ya rubuta kalma 5 kowace rana, Ingilishi a hagu, Hausa a dama. Da dare ku riƙe takardar. Ku faɗi ta Hausa, shi ya rubuta ta Ingilishi a allo. Ku gwada haruffan ɗaya bayan ɗaya. Ko ba ku jin Ingilishi, idonku ya san haruffa yanzu. Kalma 5 sau kwana 60, kalma 300 ke nan.

MI NE NE SHIMI?

Shimi shi ne ilimin sinadarai. Yana bayyana da mi anka yi abubuwa, da yadda suke sakewa in sun gamu da juna. A kolej ana haɗa shi da fizik cikin darasi guda.

Kada sunan ya ba ku tsoro. Kuna yin shimi kullum cikin gidajenku. Mace da ta tace toka ta dafa ruwanta da mai ta sami sabulu, shimi ta yi. Marini da ya zuba toka cikin baba, shimi ya yi.

Ga abin da yaro ya kamata ya riƙe da kyau.

Alamomi. Kowane abu an gina shi da ƴan mitsi-mitsin ƙwayoyi da ido bai gani. Sunansu atom. Yau an san iri 118. Kowane iri yana da alamarshi, kamar yadda makiyayi ke yi ma dabbobinshi shaida. H idrojen ne. O oksijen ne. C karbon ne, shi ne ke cikin gawayi. N azot ne. Fe ƙarhe ne. U uraniyom ne, wanda anka fara haƙowa a Arlit a 1971.

Haɗuwar atom. Ruwa ana rubuta shi H2O: atom 2 na idrojen da atom 1 na oksijen. Gishirin miya, ko na Bilma ne ko na kanti, asalinshi NaCl: sodiyom da kulor.

Iska da wuta. In an raba iska kashi 5, wajen kashi 4 azot ne, kashi 1 oksijen. Wanga kashi 1 shi muke shaƙa mu rayu, shi ne kuma abincin wuta. Shi ya sa maƙeri ke zuga. Shi ya sa in an kihe tukunya a kan wuta take mutuwa. Oksijen da laima su ne kuma ke sa kalme ya yi tsatsa in ya kwana waje da damana.

Gawayi in ya ci da isasshiyar iska yana ba da CO2. In iska ta yi kaɗan yana ba da CO. Wanga guba ne, ba shi da launi, ba shi da wari, yana kisa cikin barci. Kada yaro ya ruhe ɗaki da garwashi a ciki yana karatu.

Daidaita lissahi. A shimi ba abin da ke ɓacewa. Atom ɗin da sunka shiga, su ne za su hito. Giram 12 na karbon da giram 32 na oksijen suna ba da giram 44 na CO2. Yaro zai rubuta: 2 H2 + O2 → 2 H2O. Ya ƙidaya hagu: H guda 4, O guda 2. Ya ƙidaya dama: H guda 4, O guda 2. Sun yi daidai. Kamar awaki ne: goma sun shiga garke da marece, goma za su hito da sahe.

Asid da baz. Abu mai tsami kamar lemun tsami da tsamiya, asid gare shi. Kanwa da ruwan toka da sabulu, baz ne. Asid da baz suna kashe ƙarhin juna. Shi ya sa ɗan ruwan kanwa ke rage tsamin yakuwa. Ana auna su da ma'aunin pH, daga 0 zuwa 14. Ƙasa da 7 asid ne. Sama da 7 baz ne. Ruwa tsantsa 7 ne.

Kuna iya ganin wanga da idonku. Ku jiƙa soɓorodo, ku raba ruwan cikin kwano biyu. Ku matsa lemun tsami a ɗaya: zai yi ja wur. Ku zuba ruwan kanwa a ɗayan: jan zai gudu, ruwan ya yi duhu. Ku sa yaro ya gaya muku dalili. In ya iya, darasin ya zauna.

Amma a yi hattara. Kada a ɗanɗana ruwan batir ko sodar sabulu, suna ƙona jiki. Kada a gama ruwan jabel da wani abu mai asid, yana tada iska mai guba.

Manomi ma yana da rabo. A jikin buhun takin zamani kuna ganin 15-15-15. Lambar farko ta azot ce: kilo 15 cikin kilo 100. Buhu mai kilo 50 ke nan yana da kilo 7 da rabi na azot. Takin ure kuwa 46 ne: buhu mai kilo 50 yana da kilo 23. Ku ba yaro buhu ya yi muku wanga lissahi. Bita ce gare shi, anfani ne gare ku.

Kuma ilimin yana ba da aiki. Masana'antar siminti ta Malbaza, da matatar mai ta kusa da Damagaram da anka buɗe a 2011, da ɗakunan awon jini na likita, duka suna bukatar wanda ya san shimi.

ABIN DA KE KAN IYAYE

Maigida, lokacin bita yana gamuwa da sharar gona da shibka. Mun san hannu yana ƙaranci. Amma ka ɗauke ma ɗan jarrabawa aiki na ƴan makonni. Gona tana nan baɗi. Jarrabawa kuwa sau guda ake yin ta a shekara.

Uwargida, ɗiyarki mace jarrabawa guda za ta yi da ɗa namiji, tambayoyi iri guda. In ta wuni daka da ɗiban ruwa da talla, da wane ƙarhi za ta yi karatu? Ki raba aikin ga ƙannenta har a gama.

Ku ba yaro wuri mai haske da shiru. Ku tanadi hitila. Da zahin bazara, karatun asuba ya hi shiga kai.

Ku bar shi ya yi karatu da abokai 3 ko 4, su yi ma juna tambayoyi. Amma ku leƙa ku gani. In shayi da waya sun hi kaye yawa, wanga hira ce.

Ya ci abinci, ya yi barci isasshe. Cikin barci ne kai ke ajiye abin da anka koya. Ku hana shi ƙwayoyin hana barci da ake saidawa a tebur. Suna lalata hankali.

Ku tahi lakkol ku ga malamanshi. Ku tambaye su inda yake da rauni. Kada ku ji kunya, haƙƙinku ne.

In wani ya zo ya ce yana da tambayoyin jarrabawa na saidawa, ku kore shi. Satar amsa laihi ne. Wanda anka kama ana hidda shi daga jarrabawa, wahalar shekara ta tahi banza.

RANAR JARRABAWA

Tun da dare yaro ya haɗa takardar kira da katin shaidarshi da bik biyu. Ya kwanta da wuri. Ya karya kumallo. Ya isa wurin kahin lokaci. In an ba shi takarda, ya karanta tambaya sau biyu kahin ya taɓa bik. Ya fara da wadda ya hi sani. A shimi, kada ya manta da rubuta giram ko litar bayan lamba. Ya bar minti 10 a ƙarshe don ya sake dubawa.

Ku yi mashi addu'a, ku kwantar mashi da hankali. In ya ci, mun gode Allah. In ya faɗi, kada ku zage shi. Ku zauna da shi da malamanshi ku duba abin da ya kasa. Ku da kanku shaida ne cewa karatu bai da ranar ƙarewa.

TAMBAYOYI DON MAHAWARA CIKIN AJI

1. Yara nawa ne a garinku za su yi jarrabawa bana? Mata nawa, maza nawa?
2. Wane aiki za ku iya ɗauke musu daga yau?
3. Buhun ure mai kilo 25, kilo nawa na azot ke cikinshi?

Ku yi shawara da malaminku, ku rubuta amsa da hannunku. Allah ya ba yaranmu sa'a. Sai mako mai zuwa, in Allah ya kai mu. Ku huta lahiya.