Wasan Sofbol A Amurka: Dabarar Mai Bugu In Ta Gamu Da Gwanar Jifa

A cikin wasannin da ake koya wa yara a makarantun Amurka akwai wani da ake kira sofbol. Ƙanen besbol ne, kuma a makarantu 'yan mata ne suka fi yinsa. An fara shi a birnin Shikago a shekarar 1887, sa'ad da wani mutum mai suna George Hancock ya tsara shi don a riƙa yinsa a cikin ɗaki lokacin hunturu. Sai a 1926 aka raɗa masa sunan da yake amsawa yanzu, ya kuma shiga gasar Olimfik ta Atlanta a 1996. Dalilin da ya sa muka kawo zancensa a wannan shafi shi ne wata matsala ta koyarwa da ke cikinsa, wadda muka tabbata duk malamin da ya taɓa fita filin wasa da yara zai gane ta.

Bari mu fara da bayyana yadda ake wasan, irin wanda ake yi da jifa mai sauri. Mai jifa takan tsaya a tsakiyar fili, ta juya hannunta kamar fanka, ta sako ƙwallo ta ƙasa daga gefen cinyarta. Mai bugu tana tsaye da sanda a gefen wata farar roba mai faɗin inci 17, wadda ake kira gida. A bisa wannan roba akwai wata taga da ido ba ya gani, faɗinta faɗin robar, tsayinta daga gwiwar mai bugu zuwa wajen hammatarta. In ƙwallo ya ratsa taga ba ta buga ba, ko ta kai bugu ta kuskure, alƙalin wasa ya rubuta mata tabo ɗaya. Tabo uku ta fita. In kuwa jifa ya kauce wa taga sau huɗu ba ta kai masa bugu ba, sai ta tafi zangon farko kyauta.

To, a nan matsalar take. Yara 'yan shekara 10 ana sa mai jifarsu nisan ƙafa 35 daga gida, 'yan shekara 12 ƙafa 40, waɗanda suka fi haka ƙafa 43. A ƙananan shekarun nan hannun mai jifa bai faɗa ba tukuna, jifanta ya yi sama, ya yi ƙasa, ya bi gefe. Saboda haka sai malami ya ce wa masu bugunsa, ku tsaya ku jira, kada wadda ta ɗaga sanda sai an rubuta mata tabo ɗaya. Dabarar tana ci ƙwarai, domin yara da yawa sukan sami zango kyauta, ƙungiya ta yi nasara, iyaye su yi murna. Amma yarinyar da aka yi wa wannan reno ta koyi jira kawai, bugu kuwa ba ta koya ba.

Ran da ta gamu da gwanar jifa sai asiri ya tonu. Gwanar jifa ita ce wadda ke sa ƙwallo daidai inda ta nufa. Abin da malaminta ya fi nanata mata shi ne ta sa jifan farko a cikin taga, don ta shiga gaba. In mai bugu ta saba barin jifan farko ya wuce, ta ba da tabo ɗaya ke nan a banza. Daga nan gwanar ba ta sāke ba ta ƙwallo mai daɗin bugu. Sai ta koma bakin taga, ta aika wani can gefen waje, wani kusa da hannu, wani ya zo kamar zai ratsa tsakiya ya wuce bisa sanda, wani ya faɗi ƙasa a gaban roba. Kafin yarinya ta farga tabo biyu ya hau kanta, ta koma kare kanta daga abin da aka zaɓa mata. Watau sau da yawa ƙwallon da ta bari da farko shi ne mafi kyau da za ta gani a wannan tsayuwa.

Kada mu manta da ƙarancin lokaci. Ƙwallon da ke gudun mil 60 a awa yana cin ƙafa 88 a sakan ɗaya, saboda haka ƙafa 43 ba ta kai masa rabin sakan ba, ga shi kuma mai jifa takan yi tsalle gaba kafin ta saki. A manyan 'yan wasa abin ya wuce haka, gama a 2012 an auna jifan Monica Abbott ya kai mil 77 a awa. Wadda ta tsaya sai ta ga ƙwallo sa'an nan ta yi shawara ta makara. Shi ya sa malaman kirki ke koya wa yarinya ta ɗauka kowane jifa na bugu ne, ta fara motsa jikinta tun ƙwallo yana hannu, in ta ga ya kauce sa'an nan ta tsai da sanda. Tsai da sandar da ta taso ya fi ta da wadda ta kwanta sauƙi.

Gyara na farko ke nan, a zo da shirin bugu tun jifan fari. Amma shirin bugu ba ya nufin a kai wa kowane ƙwallo sara. Wani shahararren ɗan besbol, Ted Williams, wanda a 1941 ya yi nasara a fiye da kashi 40 cikin ɗari na bugunsa, ya raba tagar nan gida 77, kowane gida girman ƙwallo ɗaya, ya san inda hannunsa ya fi ƙarfi da inda ya raunana. Yarinya ba ta bukatar gida 77. Ya ishe ta ta raba taga biyu, ɓangaren da ke kusa da ita da na waje, ta zaɓi ɗaya ta tsare muddin tabo bai kai biyu ba. In ƙwallo ya zo inda ta tsare ta buga da dukan ƙarfinta, in ya bi ɗaya ɓangaren ta ƙyale shi.

Na biyu shi ne lura daga benci. Ƙwarewar gwanar jifa ita ce kuma kafar da za a shiga mata, domin mai jifan da ba ta san inda ƙwallonta zai faɗa ba babu mai iya karanta ta, wadda ta sani kuwa tana da al'ada. Wata kullum da gefen waje take farawa, wata in ta sami tabo biyu sai ta aiko da jifa mai sanyi wanda ke sa mai bugu ta yi gaggawa. Yara da ke jiran layi su riƙe fensir da takarda su rubuta inda kowane jifa ya faɗa, kafin a zagayo kansu karo na biyu sun san abin da za su tsare. Muhimmancin sabo da motsin mai jifa ya bayyana a 2004, sa'ad da Jennie Finch, gwanar jifa ta Amurka, ta fitar da Albert Pujols da waɗansu manyan 'yan besbol. Idonsu lafiya lau, ƙarfinsu ba a magana, sai dai ba su saba da hannun da ke sako ƙwallo ta ƙasa ba.

Na uku shi ne bin ƙwallo inda ya zo. Yaro ko yarinya sukan so su ja kowane ƙwallo zuwa ɓangaren da suke tsaye, alhali kuwa wanda ya bi gefen waje in aka ja shi sai ya gangara a hankali zuwa hannun mai tsaro. A bar shi ya ƙara matsowa kaɗan, sa'an nan a tura shi ɗaya ɓangaren fili. Har ila yau, wurin tsayuwar mai bugu an zana shi ƙafa 3 a faɗi, ƙafa 7 a tsawo, tana da damar matsawa a cikinsa. Ta matsa kusa da roba don sandarta ta kai gefen waje, ta matsa gaba don ta tari ƙwallo kafin ya faɗi, ko ta ja baya don ta sami ɗan lokaci in jifan yana da sauri.

Na huɗu, in tabo ya kai biyu sai a sāke salo. Ta matsa hannunta sama kaɗan a kan sanda, ta rage zurfin sara, ta kai bugu ga duk abin da ya kusanci taga. Dokar wasa tana taimakonta a nan, domin ƙwallon da ta buga ya fita gefen layi ba a ƙidaya shi tabo na uku, sai fa in tokare shi ta yi da sanda ba sara ba, ko wani ya cafe shi a sama. Kowane ƙwallo da ta kore haka ya ƙara wa mai jifa aiki. Kuma tun da tsakanin zango da zango ƙafa 60 ne kawai, duk ƙwallon da aka sa cikin fili ya tilasta wa masu tsaro su ɗauka su jefa cikin hanzari, a nan kuwa yara sukan yi kuskure.

Abin da muke so malamai su riƙe shi ne wannan. Umurnin da ya dace da 'yar shekara 10 a gaban mai jifa marar saiti yakan zama mata tarko tana 'yar shekara 14. Hausawa sun ce in kiɗa ya sāke, rawa ma sai ta sāke, amma yarinya ba za ta iya sāke rawa ba in ba a taɓa nuna mata dalilin ta farko ba. Malamin da ya ce a jira, lalle ne ya faɗi abin da ya sa ake jira, da lokacin da jira ke daina amfani. Ya bar ƙananan yara su kai bugu ko da za a ci ƙungiyarsa yau, ya kuma yaba wa wadda ta kai wa ƙwallo mai kyau sara ta kuskure fiye da wadda ta tsaya tana kallo. Icce tun yana ɗanye ake tanƙwara shi. Allah ya ba malamanmu haƙurin yin haka, amin.